Tsohon Agogon Baba: Yadda Ake Gane Shekararsa Da Asalinsa

A gidaje da yawa akwai wani tsohon agogon hannu da ke kwance a ƙasan akwatin ƙarfe ko cikin kwalla, tare da tsofaffin hotuna da takardun fili. Na kaka ne ko na baba, ko dai tsarabar aikin Hajji ko kuma abin da aka saya da albashin farko. In ka ɗauko shi ka goge ƙura, sau da yawa za ka ga an rubuta SEIKO a fuskarsa, ga kuma lamba 5 a cikin wata 'yar garkuwa. Da yake an san ni da son tsofaffin agoguna, tambaya biyu ake yawan kawo mini a hostal: wannan na wace shekara ne, kuma na gaske ne ko jabu? Amsar duka biyun tana rubuce a jikin agogon, sai dai a koyi karanta ta.

Rashin iya karatun nan yana jawo asara ta fuska biyu. Wani ya miƙa wa 'yan gwangwan agogon gado a kan kuɗin da bai wuce na taliya da kwai ba. Wani kuma ya tara kuɗin aljihunsa na samista guda ya sayi agogon da aka harhaɗa daga gawarwaki uku aka shafa masa fenti, don an ce masa “tsohon zubi ne, babu irinsa yanzu.” Na zaɓi Seiko don koyarwar nan saboda shi ne ya fi yawa a hannun iyayenmu, kuma tsarin lambobinsa ya fi na kowa sauƙin fahimta.

Kamfanin na Japan ne. Kintaro Hattori ya buɗe shagon agogo a Tokyo a 1881, ya kafa masana'antar Seikosha a 1892. Jerin da muke kira Seiko 5 ya fara fita a 1963 da sunan Sportsmatic 5, kuma biyar ɗin na nufin abubuwa biyar da kamfanin ya yi alkawari: agogo mai yi wa kansa wani, rana da kwanan wata a taga ɗaya, jure ruwa, maɓallin saiti da ya shige ciki a wajen ƙarfe 4, da jiki da sarƙa masu ƙwari. Riƙe wannan 1963 ɗin. Duk wanda ya ce maka Seiko 5 ɗinsa tun kafin samun 'yancin kai aka saye shi, labarin ya riga ya karye tun ba a buɗe komai ba.

Kafin a je ga lamba, fara da ido da kunne. Kalli tsinken daƙiƙa. In yana tsalle sau ɗaya kowace daƙiƙa, tak, tak, tak, agogon batir ne. In kuwa yana tafiya kamar yana silalewa, mai sifirin ne. A gaskiya ba silalewa yake yi ba, ƙananan taku ne masu sauri. Injinan Seiko 5 da za mu yi magana a kansu suna bugawa sau 21,600 a awa. Raba wannan da 3,600 za ka samu taku shida a daƙiƙa. Agogon batir kuma wani ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz ne a cikinsa da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. 'Yan sashen lantarki su lura, wannan lamba 2 ce a ninka sau 15, don haka in da'ira ta yi ta raba ta biyu har sau 15, bugu ɗaya tak ke fita a daƙiƙa. Seiko ɗin ne ma ya fara sayar da agogon hannu irin wannan, wato Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, a kan yen 450,000, kuɗin mota a Japan ta lokacin. Abin da ya shafe mu a nan shi ne: in fuska ta ce AUTOMATIC amma tsinke na tsalle ɗai-ɗai, an cire injin asali an dasa na batir, ko kuma agogon gaba ɗaya jabu ne.

Af, kafin in wuce. Maganar da tsofaffi ke yi cewa irin wannan agogo “da jini yake aiki” ba haka take ba, ko da yake na gane inda ta samo asali, tunda in ka cire shi ka ajiye sai ya tsaya. Akwai wani ƙarfe mai nauyi, siffar rabin faifai, a bayan injin. Duk motsin hannunka sai ya juya, juyawar tasa ce ke ɗaure babban sifirin, shi kuma sifirin yana warwarewa a hankali yana tura haƙoran giya. In ya ɗauru sosai yakan yi kusan awa 40 a ajiye kafin ya mutu. Ko a wuyan akuya ka ɗaura shi zai yi aiki.

Shaidu uku

Ni kan ɗauki aikin nan kamar zaman alƙali. Shaidu uku ne: marfin baya, fuska, da inji. Ba a yanke hukunci da bakin guda, domin kowannensu ana iya canza shi. Sai maganarsu ta zo ɗaya.

Juya agogon ka dubi marfin baya. In rubutun ya goge, kunna kyamarar waya ka matso da hoton, ka haska fitila ta gefe, ba ta sama ba. Lamba iri biyu kake nema. Ta farko tana da gida takwas da ɗan layi a tsakiya, kamar 7009-3040 ko 7S26-0020. Huɗun farko sunan injin ne, huɗun ƙarshe samfurin jiki. Ta biyu ita ce lambar siriyal, galibi gida shida. Waɗanda suka girmi ƙarshen shekarun 1960 kan zo da bakwai.

A siriyal ɗin, gidan farko shi ne lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi. Gida na biyu wata ne: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, O ko sifili Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Sauran lambobin jerin fitowa ne a cikin watan, ba su da amfani ga lissafinmu. Misali, in ka ga 2D4517, Disamba ce ta shekarar da ta ƙare da 2.

To ga inda gizo ke saƙar. Wace 2 ɗin? 1972, 1982, 1992 ko 2002? Siriyal ba ya faɗin zangon shekaru goman, kuma a nan ne masu talla ke cin kasuwarsu, su zaɓi mafi tsufa su gaya maka. Abin da ke raba gardama shi ne sunan injin, domin kowane inji yana da zamaninsa. Inji 6119 na ƙarshen shekarun 1960 ne zuwa cikin na 1970. Inji 6139, mai ƙirga lokacin tsere, ya fito a 1969 ya yi kusan shekara goma ana ƙera shi. Inji 6309 daga 1976 zuwa 1988. Inji 7009 shi ne ya cika kasuwa a shekarun 1980 har zuwa cikin na 1990, sannan 7S26 ya gaje shi a 1996.

Mu gwada. Marfi ya ce 6309, siriyal ya fara da 2D. A 1972 ba a haifi injin ba, a 1992 an daina shi, saura 1982 kaɗai. Disamba 1982 ke nan, magana ta ƙare. Amma da siriyal ɗin da 7 ya fara, 1977 da 1987 duk suna cikin zamanin injin, sai a nemi ƙarin shaida, a kwatanta samfurin jikin da hotunan tsofaffin kundayen tallan kamfanin, waɗanda masu tara agogo suka ɗora a intanet.

Misali na biyu: 6139 mai siriyal da ya fara da 9. Ko 1969 ko 1979. Nan wata kalma guda ke taimako. Har zuwa wajen 1970 Seiko na rubuta WATER PROOF a agogunansa. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana wannan iƙirari, tunda babu agogon da ruwa ba zai taɓa shiga ba, sai aka koma rubuta WATER RESIST ko WATER RESISTANT. Saboda haka PROOF na nuna 1969, RESIST kuma na tura ka ƙarshen zangon. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne a wajen masu saye, domin 6139 na cikin agogunan tsere masu yi wa kansu wani na farko a duniya, kuma irinsa ne ɗan sama jannatin Amurka William Pogue ya ɗaura a tashar Skylab daga ƙarshen 1973 zuwa farkon 1974.

Shi 7S26 ya fi wahala don ya daɗe a kasuwa, fiye da shekara ashirin. Siriyal mai farawa da 8 na iya zama 1998, 2008 ko 2018. Sai an duba harafin da ke biye da sunan a jikin injin kansa: 7S26A shi ne zubin farko, B ya shigo wajen 2006, C wajen 2011. Sa'ar da aka yi, da yawa daga cikin na baya-bayan nan marfinsu na gilashi ne, ana hango harafin ba tare da an buɗe ba. Gaskiya dai agogon 2008 ba tsoho ba ne, komai kyansa, kada a caje ka kuɗin tarihi a kansa.

Shaida na biyu fuska ce. Can ƙasa, a gefen ƙarfe 6, akwai wani rubutu ƙanƙani da ido ke wucewa bai gani ba. Za ka ga JAPAN, da lamba mai kama da ta marfin baya. Ka lura da kyau a nan, don mutane na rikicewa: huɗun farko kaɗai ake so su dace. In marfi ya ce 7009, fuska ma ta ce 7009. Abin da ya biyo bayan layin lambar zanen fuska ce, ba dole ta yi daidai da ta jiki ba. Amma fuska ta ce 6309, marfi ya ce 7009, to agogo biyu ne aka ɗaura wa aure.

A agogunan ƙarshen shekarun 1960 da na 1970 akwai kuma wata 'yar alama a fuska ko a marfi. Masana'antu biyu ne ke ƙera wa Seiko agogo a lokacin, suna gasa da juna duk da gidansu ɗaya. Suwa tana sa alama mai kama da guguwa, Daini kuma mai kama da walƙiya. Injinan 61 da 63, irin su 6119, 6139 da 6309, na Suwa ne. Na 70, irin 7009, na Daini. Alamar walƙiya a kan fuskar da ke iƙirarin 6309 abin tuhuma ne. Suwa ɗin nan, ga 'yan kwamfuta, ita ce ta rikiɗe ta zama Seiko Epson a 1985, masu firintar da ake buga mana furojet da ita.

Tagar rana ma tana da abin faɗi. Faifan ranakun kan zo da harshe biyu, Ingilishi da wani daban gwargwadon kasuwar da aka nufa: Sifaniyanci, Faransanci, Japananci, ko Larabci. Mai Larabci an yi shi ne don ƙasashen Larabawa, kuma hakan na ƙarfafa labarin gida cewa daga Makka ko Jidda aka zo da shi. Ƙarfafawa na ce, ban ce hujja ba, don faifan rana abu ne da mai gyara ke iya sauyawa cikin minti kaɗan.

Yanzu ga babbar matsalar kasuwar yau. Akwai agogunan da masu tarawa ke yi wa laƙabi da Mumbai special, don daga Indiya aka fi turo su: tsohon inji da ya gaji, jikin wani agogon daban, sai sabuwar fuska da aka fenta da launi mai ɗaukar ido, lemo ko kore shar ko shuɗi mai walƙiya. A hoto sun fi na gaske kyau. Ana gane su da kaurin fenti, da haruffan da ba su tsaya a layi ɗaya ba, da tambarin SEIKO da aka manna a karkace, da layukan minti da tazararsu ba ta daidaita ba. Sau da yawa ɗan rubutun ƙasan ƙarfe 6 babu shi sam, ko ya yi dusu-dusu. Ƙa'idata mai sauƙi ce: agogon da aka ce ya shekara 40, jikinsa duk ƙarzuwa, sarƙa ta saki, amma fuska fes kamar jiya aka yi ta, ina ajiye shi in duba na gaba. Fuskar asali da ta ɗan dafe, ta yi launin madara, ta fi mini daraja nesa ba kusa ba.

Shaida na uku, inji, shi ne mai wuyar kaiwa gare shi, kuma ba na ba kowa shawarar ya buɗe da kansa. Marfin yawancin Seiko 5 murɗawa ake yi da maɓuɗi na musamman mai haƙora. Almakashi ko ƙusa ba abin da za su yi sai zamewa su tsaga marfin, wani lokaci a kan siriyal ɗin da kake buƙata. Ka je wajen mai gyaran agogo, irin dattawan nan masu akwatin gilashi a bakin kasuwa, ka ce, “Baba, don Allah a buɗe mini in ga cikinsa,” ka biya shi ladan buɗewa. Sunan injin na nan a zane a jiki ko a kan ƙarfen nan mai juyawa. Ka karanta, ka ɗauki hoto, ka duba ko akwai tsatsa ko koren gansakuka, alamar ruwa ya taɓa kwana a ciki. In ka ga ɗan ƙaramin inji da batir a tsakiyar farin zoben roba, ka san abin da ka samu.

Akwai ma gwajin da ba sai an buɗe ba. A 7009, danna maɓallin saiti ciki ake yi rana ta canza. A 7S26 kuwa jawo shi ake yi mataki ɗaya, a murɗa gefe guda don kwanan wata, ɗaya gefen don rana. In marfi ya ce abu kaza amma maɓalli na yin halin wani injin, ka san akwai magana. Kuma 7009, 6309 da 7S26 duk ba a yi musu wani da hannu. Girgiza su ake yi su tashi. Kada wani ya ce maka agogon ya lalace don ka murɗa maɓalli bai ɗauka ba.

Kalmar JEWELS da ke fuska, 17 ko 21, ita ma tana ruɗin mutane. Na sha jin ana cewa lu'ulu'u ne a ciki, har a ƙara kuɗi saboda shi. Yaƙutu ne na haɗi, wanda ake yi a masana'anta, ana sa shi a inda sandunan giya ke juyawa don rage gogayya da cin ƙarfe. 'Yan makanikal sun san aikin boris. To shi ne wannan a ƙaramin sifa. In ka ciro su ka kai kasuwa ko kuɗin ruwan leda ba za su yi ba. Haka nan rashin ganin MADE IN JAPAN ba ya nufin jabu, don an ƙera 7S26 masu yawa a masana'antun kamfanin da ke Singafo da Maleshiya.

Sauran kamfanoni kowa da tsarinsa. Bulova na sa harafi da lamba: L shekarun 1950, M na 1960, N na 1970, don haka M3 na nufin 1963. Omega kuma a jikin inji yake buga siriyal mai tafiya a jere, sai a duba jadawali a ga shekarar da lambar ta faɗo. A agogunan Suwizalan, harafin T a gefen SWISS ko SWISS MADE na nuna an yi amfani da sinadarin tiritiyom a fentin da ke haske da dare, abin da aka yi daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen na 1990. Ƙarfin tiritiyom na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka fuska mai T da aka ce ta 1970 ce amma tana ƙyalli tsawon dare kamar fitila, sabon fenti aka sa mata.

Kan wannan fenti akwai gargaɗi na lafiya. Kafin tiritiyom, da radiyom ake yi, wanda sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Haskensa na mutuwa amma gubar na nan. Shi ne ya hallaka 'yan matan da ke fentin fuskokin agogo a Amurka a shekarun 1920, waɗanda ake sa su lashi bakin burushi don ya yi tsini. In ka samu agogon da ya girmi 1960, musamman irin na soja, mai lambobi masu fenti ruwan ƙasa da ke ɓarɓashi, kada ka buɗe shi, kada ka kankare, kada ka hura masa iska da baki.

In shaidun uku sun yi daidai, ka rubuta abin da ka samu a takarda: lambar inji da jiki, siriyal, wata da shekara, da abin da mutanen gida suka sani game da mai shi da inda ya saya. Ka tambayi tsofaffin tun suna nan. Wani lokaci lissafinka zai gyara labarin gida, a ce Hajjin 1979 aka zo da shi, siriyal ya nuna 1983, sai a tuna ashe Alhaji ya sake komawa.

Sai kuma abin da za ka gaya wa mai gyara. A wanke inji, a sa mai, a canza robar da ke hana ruwa shiga. Gilashin roba da ya ƙarje ana iya goge shi ko a sauya. Amma kada a fenta fuska, kada a kai jiki injin gogewa don ya yi sheƙi, domin gogewar na cinye kusurwoyin jiki kuma tana shafe lambobin marfi. Duk abin da aka cire, ko tsinke ne ko tsohuwar sarƙa, a ba ka kayanka a leda. Rubutun WATER RESIST na shekara 40 da suka wuce ba ya aiki yau, robar ta bushe tuni, don haka cire shi kafin alwala da wanki. Kada ka ajiye shi a kan sifika, maganaɗisu na sa shi gudu fiye da ƙima. Kuma kada ka canza rana ko kwanan wata da maɓalli alhali tsinkayen na nuna tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba. A lokacin haƙoran da ke juya faifan sun riga sun kama aiki, tilasta su na iya karya su. Ka fara matsar da lokaci zuwa ƙarfe 6 tukuna, ka saita kwanan wata, sannan ka mayar da shi daidai.